Gahawar Santi Biyar ta Kawu Rakip

Washington, 8 ga Fabrairu, 1954

Daga Ofishin Babban Sufeto Janar na Gahawa, Shayi da Dangoginsu, zuwa ga Mista Rakip Malaj, mai gidan abinci a bakin masana'antar tagulla ta Waterbury, wanda yanzu yake jinya a asibitin masu tarin fuka.

Bayan gaisuwa irin ta gwamnati, wadda ba ta jiran amsa.

Labari ya iso wa hukuma cewa sanyi ya kashe itatuwan gahawa a Brazil, har laba ɗaya ta haura dala guda, wato santi ɗari. Kowane mai gidan abinci a ƙasar nan, daga wannan teku zuwa wancan, ya mayar da kofin gahawa santi goma. Kai kaɗai ka kafe a santi biyar kamar jakin da ya ga rafi.

Saboda haka an kafa doka. Daga ranar Litinin, kofi ɗaya santi goma ne. Wanda ya ƙi, wata shida a kurkuku, inda gahawar ba ta da sukari.

Hukuma tana sane da cewa ka taɓa yi wa wasu mutane alkawari a kan wannan farashi. Ka kwantar da hankalinka. Gwamnati ta ɗauke nauyin wannan alkawari ta ɗora a wuyanta, gobe kiyama ita za a tambaya.

Haka kuma, rahotanni sun nuna yaron da ke riƙe maka shago haziƙi ne, kyakkyawa kuma. A riƙa ba shi hutun Lahadi.

Dokta Cornelius T. Whitlock na Uku,
Babban Sufeto Janar.

*

Asibiti, 12 ga Fabrairu

Zuwa ga ɗan ƙanwata Feti. Gaisuwa da fatan kana lafiya, kana salla a kan lokaci, kana goge murhu kafin ka rufe.

Wata takarda ta zo mini daga gwamnati. Nas Doyle ta karanta mini ita har sau biyu, tana ta danne dariya, ban san abin dariya a maganar kurkuku ba. Wai in mayar da gahawa santi goma.

Kai ba ka iso ƙasar nan ba sai bayan yaƙi, don haka bari in faɗa maka abin da ka sha ji a bakin wasu. Shekarar babban yajin aiki ina ciyar da ma'aikata bashi, sai aka turo 'yan daba su farfasa mini shago. Stashu da abokan aikinsa na masana'anta, Polawa da Italiyawa da 'yan Ailan, suka jeru a ƙofata cikin ƙanƙara har 'yan dabar suka juya. Na hau kujera a gabansu na ba da besa, rantsuwar mutanenmu: muddin ina numfashi, mai santi biyar zai sha gahawa a shagona. Besa na ce, Feti. Ɗan Albaniya yakan binne ɗansa, amma ba ya binne maganarsa. Wane ne wannan Dokta da zai ce ya ɗauke mini ita? Ya san nauyinta?

Kada ka taɓa allon farashi. Kada ka ƙara ruwa. Kada ka sauya kofuna.

Maganar hutun Lahadi kuwa, da alama gwamnati ba ta san ka ba.

Kawunka,
Rakip.

*

Waterbury, 16 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawuna, zakin garinmu Korca, wanda yanzu 'yan mata masu fararen kaya suke juya shi kamar fanke a kasko. Ina gaisuwa, ina sumbatar hannunka daga nesa, tunda likita ya hana kusa. Loretta mai kai abinci tana gaishe ka. Stashu ma ya ce a gaya maka har yanzu bai yafe maka cin da ka yi masa a karta ba.

Kawu, na karanta wasiƙarka na yi ta kuka, ko da yake albasa nake yankawa.

Bari in ba ka labarin duniya, tunda kana kan tudu ba ka ganin komai sai bishiyoyi. Burodi ya kai santi goma sha bakwai. Sinima santi hamsin, kuma yanzu sai an ba ka tabarau na kwali, ja da kore, ka ga dodo yana fitowa daga bango zai shaƙe ka. Na biya kuɗina na dawo da ciwon kai. Mata sun daina girki, abinci ake sayarwa a daskare cikin faranti na gwangwani, a ɗumama a ci a gaban talabijin. Akwatin waƙar nan da ake jefa wa kuɗi, shi ma a wasu wuraren ya koma santi goma. Akwati, Kawu! Ƙarfe ya san darajar kansa, mu ba mu sani ba.

Manolis Bagirike na tsallaken titi ya ƙara kuɗin gahawarsa tun Janairu, ya sayi mota mai jela kamar kifi. Mutanensa kuwa a can suke cin ƙwai da nama, sannan su tsallako nan su sha gahawarmu. Jiya wani ya zauna tun safe har azahar a kan kofi ɗaya, yana karanta jaridarmu. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, in kawo maka matashin kai?" Ya ce, "In kyauta ne, kawo." Stashu ya ɗago daga kusurwa ya ce, "Kai ɗan tsut, bar shi, Rakip bai taɓa korar kowa ba." Na ce, "Baba Stashu, shi ya sa Rakip yake da huhu ɗaya da rabi, Manolis yake da mota."

Gaskiyar magana, duk kofin da na zuba asara nake zubawa. Mai kawo mana gahawa ya ce daga wata mai zuwa sai kuɗi hannu. In muka ci gaba a haka, kafin ka sauko ba za ka tarar da shago ba, balle allon farashi.

Ba zan ɓoye maka ba, na je kasuwa na ɗauki ƙananan kofuna na juya su a hannuna. Sai na ji muryar Hoja Sabri, malamin makarantarmu ta gida, yana jan *Wailul lil muɗaffifina*, ayar masu tauye mudu, tafin ƙafata ya tuna da sandarsa, na ajiye. Iyakar karatuna ke nan, amma ya zauna. To shi Hojan ne kuma ya koya mana a bi Allah, a bi Manzo, a bi shugabanni. Tunda gwamnati ta ce ta ɗauki zunubin, ka bar mata mana. Wuyanta ya fi naka kauri.

In kuma ka ƙi, ka ba ni izinin abu biyu. In sa talabijin a kan kantar shago saboda damben daren Juma'a, kuma in riƙa gasa birek irin na Innata, mai alayyafo da cuku, ina sayarwa. Ba zan bari shagon nan ya mutu a hannuna ba, ko da zan yi rawa a kan tebur.

Ɗanka mai biyayya in an sa ido,
Feti.

*

Asibiti, 21 ga Fabrairu

Feti, gaisuwa. Surutunka ya iso.

Shugaban da ake bi shi ne wanda bai ce ka ci amana ba. Hojanka bai kai ku nan ba, ko kuwa ranar kana kan bishiyar ɓaure.

Talabijin a'a. Gidan abinci ne, ba gidan biki ba. Birek kuma abincin gida ne, wa ya ce maka Ba'amurke zai ci ganye a cikin kek?

Na yanke shawara. Zan je Washington da ƙafata in tsaya a gaban wannan Dokta, in gaya masa abin da na gaya maka. In kurkuku ne ya rufe ni, na kwana a wuraren da suka fi shi muni kafin in hau jirgin ruwa. Likita ya ce in na fita kafin bazara ramin da ke huhuna zai sake buɗewa. Na ce masa huhu nasa ne, magana tawa ce. Mutanen ɗakinmu duk sun goyi bayana. Mista Gallagher na gadon kusa, tsohon direban tarago, ya ce har 'yan jarida zai kira.

Ranar Lahadi ka kawo mini baƙar kwat ɗina da hula da takalmin Idi. Ka goge takalmin.

Rakip.

*

Washington, 24 ga Fabrairu

Daga Babban Sufeto Janar zuwa ga Mista Malaj, mai daraja.

Hukuma ta sake zama, ta gano an yi kuskure. Dokar ba ta shafe ka ba. Kai kaɗai a faɗin ƙasar nan an yafe maka, saboda dattakunka da kuma kyawun gashin bakinka. Ka ci gaba da santi biyar ɗinka.

Ba sai ka zo ba. Kada ka zo. Ana yi wa ofishin fenti, ni ma na yi tafiya, ba a san ranar dawowata ba. A gaya wa Mista Gallagher kada ya wahalar da 'yan jarida. Hukuma ta umarce ka ka sha madara, ka yi barci, ka ji maganar likita.

Dokta Whitlock na Uku.

*

Asibiti, 28 ga Fabrairu

Feti. Yau Lahadi, na zauna a bakin gado tun safe, ba kai ba kwat.

Wata takardar ta sake zuwa. Wai ni kaɗai aka yafe wa. Tunda nake ba a taɓa zagina irin wannan ba. Wato tsoron jarida suka ji, za su toshe mini baki da alewa. To sauran fa? Gwauruwar nan Misis Bruno mai shago a bakin tasha, da 'ya'yanta huɗu? Manolis fa? Na yi shekaru ina kiransa mai haɗama, ashe wannan karon tilasta masa aka yi, bawan Allah. Na ɗauki alhakinsa. Ka tsallaka ka ce ina neman afuwa.

Yanzu tafiyar ba tawa ba ce ni kaɗai. Ranar Laraba zan hau jirgin ƙasa na safe. In ba ka kawo kayan ba, a rigar asibiti zan tafi, Gallagher ya ce zai ara mini bargo. In fenti suke yi, zan zauna a kan matakala har ya bushe.

An ga ɗan jini a hankicina shekaranjiya, likita ya tayar da hankalinsa a banza. Kada ka rubuta wa uwarka.

Kawunka,
Rakip.

*

Waterbury, 2 ga Maris

Kawu, gaisuwa da neman gafara. Wannan ban sa ta a gidan waya ba. Stashu ne zai kawo maka ita hannu da hannu, kuma na roƙe shi ya zauna a bakin ƙofarka har ka gama karantawa. Ka san faɗin jikinsa.

Babu doka. Babu ofis, babu fenti. Manolis ba wanda ya tilasta masa, mai haɗama ne kamar yadda ka faɗa tun farko, ban kai masa afuwarka ba. Dokta Cornelius T. Whitlock na Uku kuwa yanzu haka yana tsaye a gaban baho da kumfa har gwiwar hannu. Ni na tsara takardun nan biyu. Loretta ta juya su zuwa Turanci a keken rubutun ofishin yayarta, wani direban babbar mota ya jefa su a akwatin wasiƙa a Washington, ladansa birek biyu. Kada ka ga laifin Loretta, ce mata na yi wasan barka da shan magani ne. Na zaci in na samo maka wanda zai ɗauki zunubin za ka sauke kayan ka huta. Ban san za ka ɗauki na Misis Bruno ka ƙara a kai ba.

Tunda yau ranar faɗar gaskiya ce, talabijin tana kan kantar shago tun kafin in nemi izini. Tsohuwa ce, sai an mare ta take nuna hoto. Ranar Juma'a mutane har bakin titi, Stashu yana ihu yana koya wa ɗan dambe yadda ake naushi. Birek kuma na sa masa suna kek ɗin Turai, santi goma sha biyar, kafin zagaye na uku tire ya ƙare. Ba'amurke yana cin ganye, Kawu, har yana lasar yatsa. Ban ce mun haye ba, amma mai kawo gahawa ya karɓi kuɗinsa na wannan mako, na gaba ma zai karɓa ko da zan daina barci.

Allo yana nan a santi biyar, ban taɓa shi ba. Yanzu ka saurara, don ni ma ɗan ƙanwarka ne. A gaban Stashu da Loretta da duk wanda ke shagon yau da safe, na hau kujera na ba da tawa besar. Muddin kana kan gadon nan kana jin maganar likita, mai santi biyar zai sha gahawa, kofi cike, ba ruwa. Ranar da ka sa ƙafa waje ba da izininsa ba, da hannuna zan goge biyar in rubuta goma. Ka san ba zan iya janyewa ba, kai ka koya mini.

Saboda haka maganarka tana hannunka. Ka kwanta ka tsare ta.

In bazara ta yi ka sauko ka karɓe makullanka, ka kore ni, ka zane ni da ludayi a gaban jama'a. Zan tsaya. Amma sai ka zo da huhun da zai iya bina da gudu.

Naka mai neman afuwa,
Babban Sufeto Janar na Gahawa, Shayi da Dangoginsu,
wato Feti, mai wanke kofuna.