Allin Malam a Bayan Ƙofa

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu ma lafiya lau, sai kewa.

Yaya, ba ranar da aka fita da gawar Malam na gane ya tafi ba. Sai makon jiya, ina cikin guga, Auta ta zo da aikin gida na Turanci ta tsaya a kaina. Ko ɗagowa ban yi ba na ce ta jira babanta ya dawo. Sai da ƙaurin rigar da na ƙona ya cika ɗakin, sannan na san abin da bakina ya faɗa.

Kin san halinsa, ba ya shiga aji da darasi sai ya gwada shi a kaina. Yakan ɗauki alli ya yi ta rubutu a bayan ƙofar ɗaki, yana tsokanata wai idan wadda ta tsaya a firamare ta gane, kowa ma zai gane. Na ƙarshen da ya fara shi ne bambancin zance iri biyu masu faɗin lokaci ko wuri. Ya ja layi a tsakiyar ƙofar, ya misalta min da Hausa, wai "bayan ruwa" guntun zance ne, amma "bayan ruwa ya ɗauke" akwai abin da ya faru a cikinsa. Na ce ni dai duk ruwa ne, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya cika ɓangaren hagu da Turanci, ya ce gobe zai cika na dama. Da safe asibiti muka nufa.

Abin da Auta ta zo tambaya ke nan. Jarrabawarta ta ƙarato, amma tun ranar gugar nan ba ta sake zuwa makaranta ba, wai ba za ta iya kallon sabon malami a gaban allon babanta ba. Wuni take zaune gaban ƙofar nan, ni ina gefe. Ni ba zan iya ƙarasa mata darasin ba. Ke kika yi karatu mai zurfi, kuma tana jin maganarki. Don Allah ki kira ta.

Ki gaida Inna da Kawu Dogo da 'yan biyu.

Ban goge ƙofar ba, ɓangaren dama yana nan wayam, Auta kuma har yau ba ta koma aji ba.

Ƙanwarki,
Maman Auta