Usur Ɗaya, Baki Biyu

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku, wanda duk kwalejin nan ke kira Koci, ina rubuta wannan da hankalina garau. Ƙirji ne ya gaza, kaina bai gaza ba, don haka kada wani ya ce magagin ciwo ne. Ku uku nake wa magana: Dogo babbanku, Ƙarami, da ke Auta.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda shari'a ta ce, ba ni da ta cewa. Famfon hura ƙwallo da ke bayan ƙofar ɗakina na mai gadin filin wasa ne, aro na yi, a mayar masa.

Na biyu, kuma don shi na ɗauki biro. Dogo da Ƙarami, tun wasan ƙwallon kwando na ƙarshe a zangon da ya wuce ba ku haɗa hannu a kwano ba. Mahaifiyarku tana zuba abinci gida biyu, tana ɓoye hawaye, ku kuwa kuna shiga gaishe ni ɗaya bayan ɗaya. Ina kwance, amma ina ji, kuma raina a ɓace yake.

Ina kan benci ranar, ba labari aka ba ni ba. Muna gaba da ƙyar, lokaci ya kusa cika. Dogo yana ihu a ruga, Ƙarami yana ihu a riƙe. Yaron da ƙwallo ke hannunsa ya tsaya tsakiyar fili yana waige-waige, aka fizge ta, aka jefa mana a kwando. Dukanku mataimakan koci ne, amma a gaban ɗalibai Ƙarami ya ce yayansa zai kashe 'ya'yan mutane da gudu, Dogo ya wurgar da allon tsara wasa ya ce ƙaninsa bai gaji ubansa ba. Shugaban kwaleji ya zo duba ni, ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: in aka koma karatu ba ku daidaita ba, zai kawo baƙo ya ba shi ƙungiyar, ku biyu ku kama gabanku. Ƙungiyar da na fara da kwando ɗaya marar raga ke nan.

Na uku, kai Dogo. Kana da gaskiya, wasan sauri shi ya fid da mu kunya. Yaranmu gajeru ne, in suka bari dogaye suka jeru a gindin kwando, sai dai kallo. Gudu yake gajiyar da ƙato, shi yake cika mana benci da 'yan kallo. Amma kana mantawa ɗalibai ne. Sun wuni a aji, wani ko karyawa bai yi ba, kuma 'yan canjinka ba su da yawa. Bayan hutun rabin lokaci sai haki, ƙwallo na zubewa. Tambayi Auta, mai jinyar 'yan wasanmu, gwiwa nawa ta ɗaure bana. Sauri ya haifi nawa, ba yau aka fara faɗa ba.

Na huɗu, kai Ƙarami. Kai ma kana da gaskiya, wanda ya riƙe ƙwallo ba a ci shi ba. Sai dai ka mai da yara masu jini a jika tsofaffi. Kowa sai ya dubi allonka kafin ya ɗaga ƙafa, hanya tana buɗe a gabansa yana jiran izini. Wannan ba natsuwa ba ce, tsoro ne, kuma yaro yana jin tsoron kocinsa tun daga nesa.

Na biyar. Kowannenku yana rantsuwa da sunana, alhali ba wanda ya saurari abin da na shekara talatin ina ihu. Ban taɓa cewa a ruga ba, ban taɓa cewa a riƙe ba. Kalmata ɗaya ce: saki. Ranar da mahaifiyarku ta fara zuwa kallo, tana amarya, ta ji ina ta kwarara saki, saki, har sau uku, ta tashi ta tafi gida ta haɗa kayanta. Da ƙyar na shawo kanta. Ita ta yi kuskure sau ɗaya, muka yi dariya. Ku kun girma a kan naku. Dogo ya ɗauka ƙafa nake cewa a saki, Ƙarami ya ɗauka ganganci nake koyarwa. Ƙwallo nake nufi. Ba ƙafar da ta kai ƙwallo gudu, kuma ƙwallo ba ta gajiya, ba ta da gwiwa. Saurina a hannu yake: ka sake ta tun kafin ka gama ganin ɗan'uwanka, don ka yarda yana wurin. Yaron nan da ya tsaya, ba rashin sauri ya kayar da shi ba, ba rashin natsuwa ba. Rasa wanda zai sakar wa ya yi.

Na shida. Usur ɗina na ba Auta kyauta tun ina raye, yana hannunta. Auta, kada ki ba wanda ya zo shi kaɗai, ko da kuka ya zo, ko da faɗa. Sai sun zo tare, sun gaya miki da baki ɗaya wanda zai busa. In baƙo ya karɓi ƙungiyar, ki ajiye shi a jakar magungunanki, ya fi mini.

Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri, ya ba ku masu yi muku biyayya. Ku riƙe mahaifiyarku, ku koma kwano ɗaya tun tana iya gani. Ranar da za a ɗauke ni, za a yi sauri kamar yadda aka umarta, amma ba mai gudu, ba kuma mai riƙewa. Kafaɗa ce take sakar wa kafaɗa har a isa. Dogo, in ka gaji, ƙaninka na bayanka. Ka sakar masa, kada ku yar da ni a tsakiyar hanya.