Littattafan Hawan Dutse da Kukar Bayan Gidanmu

Zuwa ga mai girma, mai alfarma, ginshiƙin gidanmu, ɗan farin Inna, gwanin hawan da ba ya duban ƙasa, wanda a yau ya koma shiga ramukan haƙar zinariya a can cikin hamada, Yayana Habu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da ban girma gwargwadon ƙarfin ƙane marar aikin yi, ina fatan wannan takarda za ta riske ka cikin ƙoshin lafiya. Na baje ta a fili ne saboda lambarka ta daina shiga tun kafin shuka. Duk wanda ya san inda kake, ya yi wa Allah ya karanta maka.

Ina mai alfaharin sanar da kai cewa ƙanenka ya zama babban masani a fannin hawan duwatsu. Ka tuna tsofaffin littattafan Turancin nan da ka tsinto mini wurin mai gwanjo a Bici, ranar da ka je sayen taki tsada ta koro ka? Ka miƙo mini ka ce, "Ungo, tunda ba ka iya komai ba sai karatu." To, na sauke su kaf, kuma ga hukuncina.

Mai shuɗin bangon ban yarda da shi ba. Marubucinsa bai taɓa jin tsoro ba tun daga shafin farko har na ƙarshe, kuma duk wanda ya ce haka bai hau komai ba. Wanda gara ta cinye farkonsa, har yau ban san sunansa ba, shi ne gwani. Mutumin ya faɗi yadda gwiwoyinsa suka yi rawa, ya ambaci sunayen talakawan da suka ɗaukar masa kaya, kuma labarin saukowarsa ya fi na hawansa tsawo. Duk mai neman littafin hawan dutse na kirki, irin wannan zai nema. Akwai kuma ɗan siririn nan mai zane-zanen ƙullin igiya, wanda na daɗe ina rainawa.

Wannan ilimi na riƙa zuba wa jama'a a inuwar masallaci bayan la'asar. Ka san ƙasarmu, gona na bin gona har Ɗambatta, ba tudun da ya fi jujin unguwa. Amma mutane da yunwa a cikinsu suna son jin labarin inda ruwa ke daskarewa a gemun mutum.

Yaya, daga nan wasa ya fara ƙarewa. Daminar bana ta yi gardama. Geron da muka samu, in ka leƙa rumbu sai ka ga ƙasansa. Abin da ya rage mana mai yawa shi ne ganyen kukar bayan gida, wadda kai ne kake hawanta duk kaka. Ina tuna ka a can sama kana saro rassa, ni ina ƙasa ina tattarawa, kana ihu, "Matsa, Farfesa, kada reshe ya fasa mana kan karatu!" Bana ganyen ya ƙosa, ya kusa fara zuba, babu mai hawa.

Baba ya dube ni a gaban mutane ya ce, "To Sarkin Duwatsu, ga kuka can tana jiran ilimi."

Na hau. Turakun da ka kafa a jikinta muke takawa, wasu ɓawo ya haɗiye su, wasu sun ruɓe. Na wuce tsayin katanga da kaɗan, ɗaya ya karye a ƙarƙashin ƙafata. Na rungume kukar nan kamar uwata, ina karanto duk addu'ar da na sani har da ta cin abinci, sai da maƙwabcinmu Ɗanjuma ya kawo tsani ya sauko da ni. Yaran unguwa sun sami abin waƙa.

Ɗanjuma ya ce zai hau mana, amma bisa al'ada rabin ganyen na mai hawa ne. Inna ta ce rabi ba zai kai mu damina ba, domin da shi za ta yi miya, da shi za ta musanyo gishiri da daddawa.

Washegari na sami Baba a zaure yana wasa gatari, yana feƙe sababbin turaku. Ya ce in an sauko Juma'a shi zai hau. Yaya, mutumin da yanzu a zaune yake sallah saboda gwiwa. Na yi magiya, kawu ya yi magana, shi dai ya ci gaba da feƙe turakunsa.

Saboda haka ni zan hau kafin Juma'a, da tsorona da komai. Ɗan siririn littafin nan ya koya mini yadda ake ɗaure ƙugu a rataya igiya a reshe, ta yadda ko turke ya karye mutum ba zai kai ƙasa ba. Na gwada ƙullin a wuyan turmi har hannuna ya saba. Igiyar rijiya ta tsufa, ba zan ba ta amanar raina ba. Taka mai kaurin nan da ka tufka da hannunka tana ɗakinka, ɗakin kuma Inna ta sa masa kwaɗo tun ranar da ka tafi.

Na roƙe ta mabuɗi. Ta ce, "Ba a buɗe ɗakin mai rai a bayan idonsa. Kayan mamaci ake fitarwa." Kullum da safe sai ta share ƙofar. In na ɓalle kwaɗon nan, na faɗa mata abin da take ƙin ji ke nan, kuma ba zan iya ba.

Allah Ya tsare ka a cikin rami da wajensa, Ya sa ƙasa ta riƙe kanta a samanka, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka ko da hannu wofi.

Ga dalilin duk wannan dogon Turanci, ranka ya daɗe. Ba zinariya nake nema ba. Ka ari wayar wani, ka turo saƙon murya ko na numfashi ɗaya, ka ce, "Inna, a ba Nazifi igiyar." Ka faɗa da ƙarfi, domin wayata ba ta da sauti sosai, kuma na san sai ta sa an maimaita mata.

Ƙanenka mai biyayya, mai rawar gwiwa,
Nazifi