Tsutsar da Aka Ciro daga Haƙorin Ummi

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa gida ba lafiya. Na san gidan waya ba ya kai saƙo inda kike. Jarida zan aika wa wannan takarda, duk mai babbar rigar da ya karanta ya ji ta taɓa shi, to, da shi ma nake.

Maganar Ummi ce, takwararki, 'yar ƙanena Buba. Ba ki san ta ba, bayan rasuwarki aka haife ta. Bana ta shiga aji ɗaya. Goshinki ta ɗauko, da taurin kanki. Yanzu haka tana kwance a gadon asibiti a Jos, ni kuma ina baranda a kan benci, takarda a kan gwiwa, ina jiran zazzaɓinta ya sauka. Bari in faɗa miki yadda aka yi muka zo nan.

Kin bar duniya kafin kuɗin man fetur su zo. An ce ƙasa ta yi arziki, Dada, rediyo na faɗa safe da yamma. Ma'aikata sun hau babura, 'yan kwangila sun ajiye tumbi. Mu a Shamaki, rabonmu daga arzikin nan alewa ce. Kowane zaure an kafa tebur: minti, cingam, biskit, lemon kwalba. Yaro ya samu kwabo, kafin ya kai bakin lungu ya narke masa a baki. Alewa ta san hanyar unguwarmu, likitan haƙori bai sani ba.

Ke da haƙoranki cif kika koma ga Allah. Ina ganin ki har yanzu da sassafe, zaune a kan kifaffen turmi, aswaki a baki, kina ba da umarni ta gefen leɓe. Kina cewa, "Baki ƙofar ciki ne, wanda bai share ƙofarsa ba kada ya yi kuka da baƙin da suka shigo." Da kina nan, kallo ɗaya za ki yi wa Buba magana ta ƙare.

Da damina Ummi ta fara dafe kumatu. Na buɗe bakinta a hasken rana, na ga rami baƙi ƙirin a haƙorinta na turmi, can ƙurya. Hajara, uwarta, ta ce, "Famfara ce, Adda, zai faɗi da kansa." Aka cusa kanumfari. Na ce a kai ta asibiti. Buba bai ko ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba ya ce, "Ke Adda komai asibiti. Ciwon haƙorin ma sai an sa masa takalmi?" Ban ga laifinsa sosai ba. Ranar da keken nan ya tsaya, tukunya ma tsayawa take yi.

Ni na kai ta, bayan na tashi daga makarantar da nake koyarwa. Akwai ɗakin haƙori, Dada, har da allo a ƙofa, da kwaɗo. Na leƙa ta taga na ga kujerar, sabuwa fil, ko ledarta ba a cire ba. Ma'aikacin da ke wurin ya ce likitan daga babban birnin jiha yake zuwa, in ya samu hali. Na ce yaushe? Ya ce, "Malama, sai Allah." Ya rage murya ya ƙara da cewa ko ya zo ɗin, 'ya'yan manya ake fara shigarwa, kafin a zo kan irinmu ya kama hanya. Ya ba mu ƙwayoyi. An sayo kujera domin kujera kwangila ce. Mai aiki da ita ba kwangila ba ne, don haka babu wanda ya tuna da shi.

Ƙwayoyin suka ƙare, kuka ya dawo. Ran nan na biyo gidan Buba da la'asar na tarar da tsakar gida cike da mata. Ya ɗauko mai hayaƙi daga kasuwa. Kin san su. Mutumin ya hura garwashi a kasko, ya murza 'ya'yan wani tsiro da kitse ya zuba a kai, ya ajiye ƙwarya da ruwa, ya lulluɓe yarinyar da zane, ya ce ta buɗe baki hayaƙin ya shiga. Tana tari, Hajara na danne ta. Da ya yaye zanen sai ga wasu fararen zarurruka suna yawo a ruwa. Ya ɗaga ƙwaryar ya ce, "Ga tsutsotsin nan, har da uwarsu." Mata suka ɗau salati.

Ban yi shiru ba, kin san ni. Na ɗebi 'ya'yan nan daga tsummansa na watsa a wuta, na kara ƙwaryar, babu bakin kowa a wurin. Suka fashe, zarurrukan suka faɗo ruwa, irinsu sak. Na ce to wannan kuma haƙorin wa ya haifa, na kaskon?

Na ɗauka na yi nasara. Ashe ƙofa na rufe. Mutumin ya tattara kayansa yana Allah ya isa, Buba kuwa fuskarsa ta yi baƙi, ya ce na tsinka shi a gidansa gaban mata. Abin da ya fi muni, washegari ciwon ya ɗauke. Ummi ta ci tuwo, ta fita wasa. Maƙwabta suka riƙa yi mini barka cikin gatse: "Malama, boko dai bai ga tsutsa ba, amma yarinya ta warke."

Ba warkewa ba ce. Haƙorin ne ya mutu, ruɓar ta gangara ƙasa. Bayan 'yan kwanaki kumatun ya tashi. Kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓa, ya yi tauri kamar ɗanyen mangwaro, ido ɗaya ya soma rufewa. Bakin ya ƙi buɗuwa, ko cokali ba ya shiga. Yawu na zuba, jiki kamar garwashi.

Sai Buba ya aika a kira wanzami da awartaki. Na zauna a bakin ƙofar ɗakin na miƙe ƙafa. Na ce bakin da cokali bai shiga ba, ta ina ƙarfe zai shiga, sai dai in muƙamuƙin za a karya. Ya ce, "Wai 'yata ce ko 'yarki?" Na mayar masa da maganarki, wadda kika sha faɗa in 'yan'uwan Baba sun zo da hukunci: goggo uba ce mai ɗankwali. Ya ce, "In kika fita da ita ta mutu a hanya, kada ki sake taka zauren nan. In ma ta rayu, kada in ga ƙafarki."

Yaron da na goya, Dada. Tsoro ne ke magana a bakinsa, na sani, amma ya faɗa, kuma da shaidu.

Hajara ta miƙe. Ta ɗauko yarinyar ta ɗora mini a baya, ta kwance majanyinta ta ɗaure mu tare.

Ba zan ba ki labarin hanya duka ba. A Bauchi aka duba ta aka ce mu wuce gaba. Daga nan numfashinta ya koma kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace. Duk ramin da mota ta faɗa sai in kara kunne a ƙirjinta. Wata tsohuwa a kusa da ni ta yi ta tofa mata addu'a, ba ta ko tambayi sunanmu ba.

A nan Jos likitoci suka tsaga ƙarƙashin haɓar, suka matse mugunya, suka cire haƙorin, na karɓa na ƙulle a bakin zanena. Likitan ya ce da mun ƙara jinkiri, da kumburin ya toshe maƙogwaro. Ya kuma faɗa mini abin da ya hana ni cin abinci: wannan haƙori ba na famfara ba ne. Turmin nan yana fitowa ne daga can baya ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye ke ɗauka na yarinta ne. Na dindindin ne, ba shi da magaji. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Rediyon da ke ƙirga mana gadoji da tituna kullum bai taɓa samun sararin faɗa wa Hajara ita ba.

Ɗakin da take kwance akwai wasu yaran masu irin fuskarta, daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Waɗannan su ne masu goggo mai taurin kai. Sauran fa? Su an ce iska ce, an yi musu sutura, an ce kwana ya ƙare.

Na aika wa Buba saƙo ta hannun direban da ya kawo mu. Har yanzu shiru.

Dada, na ajiye alƙalami na dawo. Ma'aikaciyar jinya ce ta kira ni. Ummi ta farka, gumi ya karyo mata, ta karɓi kunu a bakin cokali. Da ƙyar nake jin maganarta. Cewa ta yi in ba ta haƙorinta, za ta jefa a kan rufin ɗaki kamar yadda ƙawayenta ke yi, don sabo ya fito. Na kwance shi daga bakin zanena na sa mata a tafin hannu. Ban iya yi mata ƙarya ba, ban kuma iya faɗa mata gaskiya ba. Na ce ta riƙe sai mun je gida. Ta damƙe shi ta koma barci, ni kuwa ban san ko a zaure zan sauke ta in juya ba.

Allah Ya jiƙan ki, Dadata, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya tashi kafaɗar takwararki, Ya sanyaya zuciyar ɗanki. Waɗanda kuma aka ba amanar 'ya'yan talakawa, Allah Ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya.

'Yarki ta fari, wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba,
Adama