Ba Mu San Ta Ba

Yamai, 7 ga Afrilu 1994

Zuwa ga mahaifina Malam Alkasim tela, Sabon Gari, Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna da Gwaggo Atika da duk mutanen gida. Yaya zafi?

Baba, ka san tun da na gama karatun lantarki nake yawo da dipulom ɗina daga wannan biro na ma'aikata zuwa wancan. Gwamnati ta ce ba ta ɗaukar ma'aikata, waɗanda ta ɗauka ma kullum yajin aiki suke. Gyaran rakoda da telebijin a rumfar wani ɗan Doso shi ne ke rufa mini asiri. To, ranar Litinin an kira ni ganawa a wani kamfani da ke haɗawa da gyara radiyon sadarwa na soja, irin wanda suke magana da shi daga cikin daji. Gurbi ɗaya ne, mu kuwa mun cika baranda, kuma ni kaɗai ce mace.

Da na shiga na tarar da direkta da injiniya, da wani tsohon kolonel mai kula da tsaron kamfanin. Suka aje mini radiyo matacce a kan tebur, suka ce in tashe shi. Na jawo shi gabana. Na buɗe shi na bi waya ɗaya bayan ɗaya har na ga inda dalma ta tsage, na liƙe, ya yi magana. Na ga injiniya ya yi rubutu.

Kolonel ne ya tambaye ni, in an tura ni arewa inda ake tawaye, mijina zai bari? Na ce ba ni da miji, uba gare ni, kuma ubana shi ya sa ni mota zuwa Yamai ina yarinya, ya juya ya tafi ko waiwayowa bai yi ba. Ya ɗan murmusa.

Sun ce sai sun yi anketi, wato bincike, kafin su ba da amsa. Ina jin duba takarduna ne, kuma takarduna lafiya suke. A sa ni cikin addu'a, Baba. Ina son aikin nan ƙwarai.

'Yarka mai biyayya,
Tahira

Maraɗi, 24 ga Afrilu 1994

Zuwa ga 'Yar Tsibiri.

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Gwaggonki Atika ce ta tsare ni sai na rubuta, in ba haka ba ni ina da aikin yi.

Ke da karatunki duka, ashe wayo bai ishe ki ba. Ke da kika shiga tafiyar ɗalibai ranar da soja suka yi harbi a gadar Yamai, ke ce za ki ɗauki ƙafarki ki kai sunanki wurin soja? Tun da na karanta takardarki na ce wa uwarki mu jira baƙi. Ilai kuwa, ranar Laraba sai ga motar jandarma ta tsaya bakin tukubar Gado mahauci. Suna tambayar gidan su wance, wane irin hali gare ta, su wa take bi, ta taɓa shiga rigimar siyasa? Mu da muka ga zamanin soja mun san abin da ke bayan irin wannan tambaya.

Yanzu saurari abin da unguwarku ta yi. Gado ko ɗaga kai bai yi daga naman da yake yanka ba, ya ce musu, "Wanga suna ban taɓa jin shi ba unguwag ga." Matarsa ta tsallaka magana ta katanga, kafin su kai ƙofar mai unguwa Ilyasu duk layin ya ji. Ilyasu ya shimfiɗa musu tabarma, ya kawo ruwa, ya yi ta tunani har suka gaji, sannan ya ce su gwada unguwar Zariya. Ki tuna fa, Gado da Ilyasu tun zaɓen bara ba su ga maciji, kowa da jam'iyyarsa, ko gaisawa ba su yi. Ranar nan bakinsu ya zo ɗaya.

Daga ƙarshe suka iso shagona. Suka ce ni ne Alkasim tela? Na ce teloli masu wannan suna mun yi yawa a Sabon Gari. Suka karanto sunan, suka ce ɗiyata ce? Na ce ba ni da ɗiya mai wannan suna, na ci gaba da taka kekena.

Da yake takardar haihuwarki garin Tsibiri ta ce, sai na tashi ɗan baffanki Maman Lawali da babur ɗinsa na kabu-kabu ya riga su can. Kakarki da ta goye ki, wadda ke jin faɗuwar allura, ranar ta zama kurma. Daga can ya wuce Jiratawa wurin baffanki. Baffanki kuwa ya bar ban-ruwa ya gaya wa jandarman mai wannan suna da ya sani ta rasu tun zamanin Nasara. Atika ta cire hotonki mai hular dipulom daga bango ta tura cikin buhun hatsi.

Gari uku, ba a samu mutum ɗaya da ya sayar da ke ba. Na daɗe ban ji daɗin zama da mutane kamar ranar ba. Ke dai ki rage fita. In abin ya yi zafi ki taho Jiratawa, daga nan a tsallaka da ke Katsina.

Allah ya tsare.
Alkasim tela

Yamai, 6 ga Mayu 1994

Zuwa ga mahaifina.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, a gaida Inna da Gwaggo da mutanen unguwa.

Baba, na karanta takardarka na yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tsaya hawayen suka ci gaba. Ba kama ni aka zo yi ba. Wannan shi ne anketin da na faɗa maka, ni ma sai yanzu na gane. Duk wanda zai taɓa kayan soja sai an aiki jandarma garinsu sun tambayi halinsa da asalinsa. Ni suka zaɓa, Baba. A cikin duk waɗanda suka cika barandar nan, sunana kaɗai aka aika Maraɗi.

Jiya kolonel ya kira ni ya karanta mini abin da aka rubuto. Ba a san ta a Maraɗi ba, ba a san ta a Tsibiri ba, ba a san ta a Jiratawa ba, wanda ta ce ubanta ne ya ce ba shi da ita. Yanzu suna zaton takardun ƙarya na kawo. Ya ce in wata ya ƙare ba a gyara ba, za su ba wanda ke bi mini gurbin.

Na san ƙauna ce ta sa, kuma ina alfahari da ku duka. Amma bari in faɗa maka abu ɗaya. Tun da na tashi ban taɓa jin sunana a bakinka ba, na san kunyar 'yar fari ce, ban taɓa riƙe ka da ita ba. Sai dai ban zaci zan ga "ba shi da ita" a rubuce da hatimin hukuma ba. Wannan ya tsaya mini a wuya.

Ina roƙonka ka je birgad, ofishin jandarma, ka gyara. In ba za ka iya ba, na fahimta.

'Yarka,
Tahira

Maraɗi, 16 ga Mayu 1994

Zuwa ga 'Yar Tsibiri.

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Wannan karon ba wanda ya sa ni.

Takardarki ta same ni ɗinkin Sallah ya taru har ba wurin aje ƙafa. Na rufe shago, masu kaya suna ta faɗa, na ce in sun matsu su sa na bara. Na kai wa Ilyasu labari, ya riƙe baki, ya ce ashe gyaran gangar auzinawa muka yi. Ya ce tun da tare aka ɓata, tare za a gyara, kuma da ƙafarsa ya je ya kira Gado.

Ranar Asabar muka ɗunguma. Maman Lawali ya ɗauko kakarki daga Tsibiri, baffanki ya taho daga Jiratawa da laka a ƙafa, Atika ta zaro hotonki daga buhu duk ƙaiƙayi. Ni na sa rigata ta Idi. Jandarman bakin ƙofa da ya hango mu sai ya rufe get, ya ɗauka zanga-zanga ce, kin san abin da ake yayi ke nan. Da ƙyar ajidan, shugaban wurin, ya fito.

Kowa ya faɗi nasa. Gado ya ce ya san ki tun ba ki kai tsayin tukubarsa ba. Kakarki ta warke daga kurunta, ta ba da labarinki tun daga ranar suna har ajidan ya ce ya isa. Ya ɓata rai ya ce yi wa hukuma ƙarya laifi ne, Ilyasu ya ce to a rufe mu duka in akwai ɗaki. Ajidan ya tambayi dalilin da muka ɓoye ki. Na ga ƙarya ta riga ta yi mana ɓarna sau ɗaya, sai na gaya masa zancen gada. Ya rubuta. Ki san da wannan, yana cikin takardar da za ta iso kamfanin.

Sannan ya dube ni ya ce saura uba ya faɗi cikakken suna, ya ce tasa ce. Na ce ita ɗin ce. Ya ce wa? Na ce wadda kuka zo nema. Ya ce wa? Na ce ga hotonta nan. Ya aje alƙalami ya ce, "Malam, takarda ba ta san kunya ba."

Wallahi da a ce in ɗauki buhu in kai Tsibiri a ƙasa, da ya fi mini sauƙi. Ga kakarki surukata zaune, ga uwarki ta ja mayafi ta rufe fuska, ga unguwa duka ta zuba mini ido. Na tuna abin da kika rubuta. Sai na ji bakina ya ce, "Tahira Alkasim. Ɗiyata ta, ta hwari. Ba a yi kamatta ba Sabon Gari, kuma ni na haihe ta." Bai tambaye ni na ƙarshen ba, ni na ƙara. Kakarki ta rangaɗa guɗa a cikin birgad, ba wanda ya hana ta.

Af, zancen da kika gaya wa kolonel ɗinku akwai gyara. Ranar da na sa ki mota ban tafi ba. Bayan rumfar mai shayi na tsaya har motar ta ɓace.

Allah ya ba da sa'a.
Alkasim tela

Yamai, 2 ga Yuni 1994

Zuwa ga mahaifina abin alfaharina.

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, ina fatan masu kaya sun yafe maka. Takardarka tana cikin jakata, duk inda na je da ita nake zuwa.

Shekaranjiya kolonel ya sake kirana. Takardu biyu ne a gabansa, ɗaya ta ce babu ni, ɗaya ta ce kowa ya san ni. Ya tambaye ni wacce ce gaskiya, na ce masa duka biyun mutane ɗaya ne suka faɗa, kuma dalili ɗaya ya sa su. Sai ya sa yatsa a kan zancen gada ya ce haka ne? Na ce haka ne, kuma ban yi nadama ba. Na ɗauka shi ke nan aikin ya tafi.

Sai ya ce to mai irin wannan ra'ayi me ya kawo ta gyara wa soja radiyo? Na ce Ɗan'auta, ɗan maƙwabcinmu Gado, soja ne a arewa. In radiyonsa ya mutu a daji, uwarsa ce za ta yi kuka a bayan katangarmu, ni kuma na iya hana radiyo mutuwa.

Ya haɗa takardun ya rufe. Ya ce tun yana ƙaramin hafsa yake neman sojan da zai riƙe bakinsa kamar mahaucin unguwarmu, bai samu ba. Ranar Litinin zan fara aiki, Baba.

Sai dai an sa na yi rantsuwa ba zan faɗa wa kowa abin da nake yi a ciki ba, ko da iyayena ne. Don haka in ka ga takarduna sun koma gaisuwa da zancen zafi, kada ka ce na yi girman kai. A yi wa kowa godiya, gida gida, har Tsibiri da Jiratawa.

'Yarka,
Tahira Alkasim

Maraɗi, 12 ga Yuni 1994

Zuwa ga Tahira.

Alhamdu lillahi. An yi ruwa, Tsibiri sun yi shuka. Hotonki ya koma bango, amma na shago, ba na ɗaki ba. Gado da Ilyasu sun koma faɗansu na jam'iyya, sai dai yanzu suna gaisawa kafin su fara.

Ki riƙe rantsuwarki, kin san gidan da kika fito. Kullum masu kawo ɗinki sai sun dubi hoton sun tambaye ni wane irin aiki kike yi wa soja a Yamai. Ina ce musu ban sani ba. Wannan karon gaskiya nake faɗi, kuma sai na tsai da keke na gyara hula kafin in faɗa.

Allah ya yi miki albarka.
Ubanki, Alkasim