Goɗiyar Baba da Dokar Ƙungiya

Paso de las Tunas, Córdoba
9 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Griselda,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Fermín da yara. Allah ya ƙara miki ƙarfi a aikin jinyar tsofaffi da kike yi can ƙetaren teku a Valencia, ya saka miki da alheri. Mu nan lafiya lau muke. Ruwan farko ya sauka, duwatsu sun fara kore, rafi ya dawo da surutunsa. Maigidana Teodoro ya gyara rufin kicin da ya shekara biyu yana yi mini alkawari. Gwaggo Eulogia ta samu sauƙin gwiwa, har ta koma soya mana burodin kitse duk ranar da aka yi ruwa. Ɗalibaina na ajin ƙarshe suna shirin jarrabawa, ina kuma da yaƙinin za su fitar da ni kunya.

Yaya, saƙon muryar da kika turo sau uku na saurare shi. Ban amsa ta waya ba saboda na san halinmu, ke ki ɗaga murya ni in yi kuka, mu rabu ba a fahimci juna ba. Hoton da kika gani gaskiya ne. Mora ce, goɗiyar Baba, wani ɗan yawon buɗe ido ya ɗauke ta ta saman shinge a ƙarshen sanyi, haƙarƙarinta duk a waje. Kin ce mun bar tsoho da dabba suna lalacewa tare, kin ce a sayar da goɗiyar a sa Baba a jirgi ya zo wurinki. Ki ba ni haƙuri kaɗan in ba ki labarin yadda abin ya kasance, sannan ki yanke hukunci.

Laifin farko namu ne, ba zan ɓoye ba. Tun watan Yuni, da sanyinmu na nan ya shigo, kowa ya ga Mora tana ramewa, ni ma na gani. To amma wa zai tsaya gaban Babanmu, Don Cipriano Altamirano, ya ce masa dokinsa ya rame? Kin san mutanenmu, gara ka ce wa mutum ɗansa ɓarawo ne da ka gyara masa kiwon doki. Maƙwabta su zo su sha shayin mate da shi, su yabi gezarta, su tafi. Ni kuma kullum ina cewa gobe zan yi magana. Yanar idon Baba ta ƙaru sosai, ba ya gane fuska sai an yi magana, sai muka ɗauka bai san halin da take ciki ba, muka kuma ɗauka shirunmu ladabi ne.

Da hoton ya bazu, aka kawo ƙara a rubuce gaban ƙungiyar mahaya. Kin tuna dokar ceto, ai Baba ne ya kafa ta da bakinsa shekara talatin da suka wuce: duk dabbar da aka samu a wulaƙance za ta zauna a garken ƙungiya wata shida, kuma a karanta sunan mai ita da ƙarfi a taron wata, ko ɗan wane ne. Mai karantawa kuwa magatakarda ne, magatakardar bana kuwa ni ce. Shugabanmu Don Rosendo ya kira ni gefe yana murza hularsa, ya ce wai shi da ya koyi ɗaura sirdi a hannun Baba, da wane baki zai sa a kira sunansa? Amma kuma bara mun karanta sunan wani talaka mai keken doki, idan muka tsallake wannan, ƙungiya ta zama ta 'yan gata. Ya ce in nemo dabara kafin taron Oktoba, tunda ni ce mai karatu.

Dabarar ba a littafi na samo ta ba, a kan hanyar tudu na tsince ta. Ranar Asabar ɗin da muka fita gyaran hanya, mu kusan talatin har da ɗalibaina, muka tafi da dawakai bakwai da aka ceto daga masu kwasar kwali da keken doki a birni, da niyyar mu sake su a makiyayar sama su yi ƙiba. Mun cike inda ruwa ya zaizaye, mun sare ƙayar da ta rufe mashigi, mun sake jera duwatsun gefen kwazazzabo, komai lafiya. Muna isa rafi sai abin ya ɓaci. Waɗannan bayin Allah a kan kwalta suka girma, ba su taɓa ganin ruwa mai tafiya ba. Ɗaya ya firgita, sauran suka watse, kowa ya kama gabansa cikin daji. Sai da rana ta karkata muka haɗa kansu, ɗaya ya yanke a kofato. Tsoho Gumersindo, maƙerin takalmin doki, ya zauna kan dutse yana ta yi mana dariya, wai Malama, kin ɗebo 'yan birni kin kawo su daji ba uwa, ko ɗalibanki ne kika saki haka ai sai an neme su da fitila. Ya ce in babu goɗiya mai ƙararrawa da za su bi, wahalar banza muke yi, kuma a duk kwarin nan wadda ta san aikin ɗaya ce ta rage. Bai faɗi sunanta ba, kowa ya sunkuyar da kai, ni kuwa nan take na gane Mora yake nufi, dabara ta faɗo mini.

Washegari bayan coci na tafi wurin Baba, na ce ƙungiya tana roƙon aron Mora. Ba ƙarya na yi ba, da gaske muna bukatarta, sai dai ban faɗi sauran rabin maganar ba. Ya sa na maimaita labarin rafi sau biyu don ya more dariya. Ya ce wai ƙungiyar da ya bari ta mahaya ce, yanzu ta koma ta masu hula mai kyau. Sannan ya ce ba ya ba da aron goɗiyarsa, tsohon doki sai mai shi, inda za ta nan zai je. Na ce ai mun fi son haka. Na koma gida ina yaba wa kaina wayo: Mora za ta shiga garken ƙungiya kamar yadda doka ta ce, likita za ta duba ta, Baba kuwa ba zai taɓa sanin an ƙwace ta ba.

Likitar dabbobinmu, Mirta, tana buɗe bakin goɗiyar ta gano matsalar. Turamen haƙoranta sun yi tsini saboda tsufa, suna yanka mata kunci, masarar da Baba yake ƙara mata kullum haɗiyewa take yi ba tauna, ta fita yadda ta shiga. Aka goge haƙoran, aka koma jiƙa mata dusa da yankakkiyar ciyawa. Baba kuma ya tara ɗalibaina yana koya musu aikin: yadda ake haɗa wuyan sabon doki da na goɗiya da gajeriyar igiya, su kwana su tashi tare har sai ya haddace muryar ƙararrawarta, daga nan ko cikin hazo ne ba zai rabu da ita ba. Yaya, da kin ga yaran nan! Waɗanda ba na iya zaunar da su minti goma a aji, ga su tsit, baki buɗe. Don zumuɗi na ɗauko igiya na ce to mu fara da ingarman nan ja. Sai Baba ya riƙe hannuna, ya ce wai so nake ɗan birnin nan ya ja Mora a ƙasa? A bari tukuna ta yi nama, a rataya mata ƙararrawa a kewaye su kusa da ita, ya isa a yanzu. Ya ce tun kafin mu da muke da ido mu gani, tafin hannunsa ya gaya masa ta rame.

Na rasa inda zan sa kaina. Da yara suka watse, ya gaya mini sauran. Ya sani tun farkon sanyi. Ya ba ta maganin tsutsa, ya ninka masara, ya rufa mata bargonsa. Abin da ya hana shi kiran likita tsoro ne, kada a ce ta tsufa a harbe ta. Yana ta jira wani ya fara maganar, mu kuma muna zuwa muna yabon geza. Ya ce Nélida, ke da kike koya wa 'ya'yan mutane faɗin gaskiya, wata huɗu kina shigowa gidan nan kina yi mini hirar ruwan sama. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ranar taro ɗakin ya cika, don kowa ya san abin da ke cikin takarda. Don Rosendo ya bi batutuwa ɗaya bayan ɗaya, gyaran hanya, ranar hawa, wanda zai kawo naman gashi, ya zo kan batun ceto sai ya yi tari ya ce babu sabon abu. Har mutane sun fara jan kujeru. Sai Baba ya miƙe da sandarsa, ya ce Rosendo, yaron nan, idona ne ya mutu ba kunnena ba, ka tsallake layi. Ya ce mai keken dokin da aka kira sunansa bara shi ma uban wasu ne. Ya juyo wajen da yake jin numfashina ya ce magatakarda ta yi aikinta, da ƙarfi, kada ta tauna. An ce wanzami ba ya son jarfa, to namu wanzamin shi ya miƙa goshi. Na tashi na karanta: Cipriano Altamirano, goɗiya ɗaya, wata shida. Baba ya ce ya ji, ya karɓa, ya zauna. Gumersindo ne ya fara cire hularsa, sauran suka bi.

To yanzu ga inda muke. Mora ta fara cikowa, jiya aka haɗa ta da doki na farko. Kullum da safe Teodoro yana sauke Baba a garke kafin ya wuce aiki, ya yini can yana faɗa da kowa, yana cin abinci kamar saurayi. Ya kuma yarda a yi masa aikin ido a watan Disamba, abin da muka shekara uku muna roƙo, wai yana so ya ga ko yaran nan ƙullin kirki suke yi ko ruɗinsa suke yi. Saboda haka ina roƙonki ki ajiye maganar jirgi. Na san ƙauna ce ta sa ki faɗa, kin kuma fi ni sanin jinyar tsoho. Amma mutumin da ya tsaya a gaban garinsu ya ɗauki hukuncinsa, idan muka ɗauke shi yanzu, cewa za a yi kunya ce ta kore shi. Ki kira shi ranar Lahadi, kada ki yi masa jaje, ki tambaye shi labarin 'yan birninsa bakwai, ki tanadi awa guda. Idan kuma hutu ya samu ki zo, a watan Maris za a kai su makiyayar sama, Baba ya ce shi zai ja gaba.

Ki gaishe mini da Fermín da kyau, da Lautaro, da 'yar ɗakina Ailén, ki ce mata ina jiran wasiƙar da ta yi mini alkawari da rubutun hannunta. Gwaggo Eulogia da Teodoro suna gaishe ku. Baba bai san na rubuto ba, amma da safe ya tambaye ni ko kin daina fushi. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Nélida