Gishirin da ban zuba ba

Utrecht, ranar Laraba

Zuwa ga Gwaggona Yamna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa ga uwarsa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Baba Hammadi da yara da duk mutanen Berkane. Allah ya ɗauke miki ciwon gwiwar nan, ya ƙara miki haƙuri da mu. Mu nan alhamdulillahi. Baba yana nan yana tuƙin bas ɗinsa, Inna tana lafiya, ƙanwata Ikram ta ci jarrabawa, yanzu ko ruwa ka roƙa sai ta gyara maka magana. Ni kuma ina nan wurin wanke kwanukana, wata biyu ke nan ban fasa ko faranti ɗaya ba, ki sa mini albarka.

Na rubuto ne maimakon in kira, don duk wayar da aka yi a gidan nan a kunnen Kaka ake yin ta. Ya ce ba ya ji, amma ki buɗe firji a hankali ki gani. Maganar kuwa tasa ce. Kin san tun da aka fara masa maganin ciwon nan a asibiti abinci ya fita ransa. Miya ya ƙi, shayi ya ƙi, burodin Inna ma sai dai ya kalla. Abu ɗaya yake nema, ruwan lemu matsattse, kuma ke kin fi ni sanin mahaifinki. Mutumin da ya yi shekara ashirin a gonakin lemu kafin ya zo ƙasar nan, ba a kawo masa na kwali. Tineke, nas ɗin da ke zuwa kowace safiya, ta ja layi a jikin wani tulun gilashi ta ce kullum ya sha ya kai nan. Ranar Alhamis da ta wuce ta auna shi, ta kira mu kicin ta ce in bai fara sha ba zuwa Litinin, asibiti za a kwantar da shi a sa masa ƙarin ruwa. Ya jiyo ta, ya rantse ba zai je ba, wai abokinsa Bouziane ma da ƙafarsa ya shiga, da mota mai baƙin labule aka fito da shi.

To Gwaggo, ga inda laifina ya shigo. Kin tuna Sallar bara waccan, da na zuba gishiri cikin kwalbar lemunsa ya kurɓa a gaban baƙinsa na masallaci, ya bi ni da sanda har ƙasan bene? Kin yi dariya a waya ranar, kada ki musa. To yau ga shi ina girbar abin da na shuka. Duk kwalbar da na kawo, da ya kurɓa sai ya tofar, ya ce ɗan banza na sake, wai wannan karon har da tsatsar keke na haɗa. Na rantse, ya ce rantsuwar kura a gaban akuya. Na ce to Inna ta miƙa masa, ya ce ai ni na ɗauko daga kanti, kuma hanya tana da nisa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Da farko na ɗauka lemun ne ba shi da kyau, sai na hau keke na shiga gari. Babban kantin da ke bakin gada yana da injin da kake tara kwalba yana matsa maka a gabanka. Na kawo, Kaka ya ce ƙarfe yake ji. Na je na kusa da tashar jirgi, sau biyu ina tarar da injin a kwance an rataya masa takarda. Na je wurin Yilmaz mai kayan lambu, ya zaɓo mini lemu da hannunsa yana cewa in tsohon bai so wannan ba, shi Yilmaz a aske masa gashin baki, na matse a gida har hannuna ya yi zafi, Kaka ya ce ruwan wanki. Yilmaz har yau yana ɓuya bayan tumatir in ya hango ni. Akwai wani kantin masu hali can tsakiyar gari inda matar ta tambaye ni ko na zo da kwalbata, ta yi mini wa'azi a kan roba kamar ranar Juma'a. Nasu ma ya ƙi. Wata rana kuma na ga kwalba mai hoton lemu da ganyensa, kin san ni da rubutun mutanen nan sai dai mu gaisa, na kawo ta da murna. Ikram ta karanta ta ce ruwan karas ne aka ɗiga masa lemu. Ranar kam Kaka ya yi gaskiya. Kanti tara na zaga cikin ruwan sama, kowace kwalba sai na ɗanɗana a bakin ƙofa, kuma wallahi wasu har lumshe ido nake yi don daɗi.

Tineke ce ta warware mini. Ta same ni zaune a matakala, ta ce yaro, ba lemun ba ne, maganin ne yake juya harshe, kome ya sa a baki ƙarfe zai ji. Ta ce an gaya masa a asibiti tun farko, ya ce likitan bai san lemu ba. Na tambaye ta yaushe zai dawo daidai. Ta ce wasu yakan dawo musu, sai ta shiga neman makullin kekenta.

Ranar Asabar na ce bari in wanke kaina ko ya yarda ya sha. Na naɗe shi da bargo, na tura shi a keken marasa lafiya har kantin bakin gada, yana ta faɗa wai ina tuƙi kamar mai gudun 'yan sanda. Na sa ya ɗauki kwalba da kansa, ya tara da kansa, ya danna da kansa. Ni kuwa na koma gefe na ɗaga hannuwana sama, har yarinyar da ke jera kaya ta tsaya tana dariya. Injin gilashi ne, yana kallon lemu yana gangarowa, wuƙa tana raba shi biyu, ruwa yana zuba. Ya ce to yau ƙarya ta ƙare. Bai ko jira an biya ba ya kai baki.

Gwaggo, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai tofar ba, bai zage ni ba. Ya riƙe ruwan a baki, ya haɗiye da ƙyar, ya dubi kwalbar, ya dubi tulin lemun da ke saman injin, sannan ya dubi hannunsa. Mutumin da ya bi ni da sanda, sai na ga ya koma ɗan ƙarami cikin bargo. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na fashe da dariya na ce na ci shi, tun da safe na zo na zuba gishiri a kwalbar da ke gaba, na san ita zai ɗauka.

Ya ƙura mini ido kamar mai lissafi. Can sai ya ɗaga sanda ya sauke mini a ƙwauri, ya ce jikan shaiɗan, ai tun daga ƙofa ya ga take-takena. Wai ina so ya mutu da ƙishi in gaji agogonsa, to ba zan gani ba, ko gishirin teku na zuba sai ya shanye don baƙin cikina. Ya kafa kai ya sha rabin kwalba a nan gaban mutane, yana yamutsa fuska, ni kuma ina dariya ina kallon rufin kanti don kada ya ga idona.

Tun ranar haka muke. Kowace safiya na kawo kwalba, ya kurɓa ya tambayi me na zuba yau, ni kuma in ƙirƙiro: jiya toka, yau ruwan batir. Ya tsine mini ya sha. Bai kai layin Tineke ba, amma ya kusa, kuma ranar Litinin ta ce ta ƙara masa mako guda a gida. Mako guda kawai, Gwaggo. Bayansa ban san me zan yi ba, ƙaryata ma ta fara ƙarewa. Kuma abin da ke damuna, kwalaben kantin nan a rufe suke, shi ya buɗe tasa da hannunsa. Kaka ba yaro ba ne. Har yanzu ban sani ba ko ni nake yi masa wasa, ko shi yake yi mini.

Roƙona biyu ne. In kin kira ranar Juma'a zai kawo miki ƙarata, don Allah kada ki kare ni. Ki ce a ba ni wayar, ki wanke ni tas da ƙarfi yadda zai ji, ki ce tun ina cikin zani kin san ba zan yi hankali ba. Na biyu, ki matsa a kan takardun zuwanki nan. Kada ki jira bazara.

Ki gaishe mini da Baba Hammadi, da Anas da Zulikha, da tsohuwa Tlaitmas in tana gane mutane. Ki gaida malaminmu na allo, ki ce ɗalibinsa mai ɓoye masa bulala yana neman addu'a, da gaske wannan karon. Inna da Baba da Ikram suna gaishe ki. Kaka ma ya ce a gaishe ki, a kuma gaya miki yana zaune da maƙiyi a gida ɗaya.

Naki ɗan da ba ya jin magana,
Driss